Gilashin Ƙofar Baba

Motar mahaifinmu Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, fara sol, haɗin Kaduna. A 1982 ya saye ta, lokacin ina aji biyu na firamare. Ga waɗanda ba su riski zamaninta ba, a 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, sannan masana'antar PAN da ke Kakuri, wadda ta soma aiki a 1975, ta shiga harhaɗa ta a nan gida. Faransawa sun daina yin salun ɗinta tun 1983, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai 2006. Shi ya sa har gobe da wuya ka shiga tsohon gareji ka rasa gawarta a wani lungu, kaji na ƙwai a kan kujera.

Tamu ma saura ƙiris ta zama haka. Ta fi shekara goma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun nutse a ƙasa. Da Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama a 2021, sai na ƙudurta zan tashe ta, ko ba komai in riƙa kai shi Juma'a a cikinta. Yayana ya ce wannan zubar da kuɗi ne, a sayi 'yar Kwatano mai sanyi a huta. Ban ji ba. Kuma na ɗora wa kaina wata doka mai tsauri, cewa komai sai na asali, ko noti ɗaya ba za a sa mata baƙo ba.

Ba zan cika ka da labarin inji da fenti ba, mai karatu, wannan wata takwas ya ci da kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba. Maganar ƙofofi nake son yi.

Wanda bai taɓa ganin cikin ƙofar mota ba zai zaci ƙarfe ne dunƙulalle. Ina! Fanko ce, kamar akwati. In ka cire hannuwa ka ɓalle marfin ciki, sai ka tarar da leda manne a jikin ƙarfen. Da yawa yage ta suke yi su yar, alhali ita ke hana ruwan da ya bi ta jikin gilashi jiƙa marfin. Ruwan kan gangara ne ya fita ta wasu 'yan huda a gindin ƙofar, in suka toshe kuwa tsatsa ta samu gida. A bayan ledar akwai injin da ke ɗaga gilashi, da hanya biyu, gaba da baya, waɗanda aka shimfiɗa wa roba mai laushi domin gilashin ya riƙa bi.

Wani dattijon makanike, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo, shi ya koya mini tsarin. Roba ake fara sawa. Sai a zuro gilashin ta sama a karkace, goshinsa ya fara shiga, a juya shi a hankali har ya hau hanya. Kada a ɗaure notuna tamau tukuna. A yi ta ɗagawa ana saukewa har gilashin ya nemi mazauninsa da kansa, sannan a ɗaure. Giris na haƙoran inji ne. Roba kuwa ruwan sabulu take so, baƙin mai kumbura ta yake yi. Haka muka yi wa ƙofa huɗu, muka mai da hannayen murɗawa na asali, ina ta jin kaina.

Juma'ar farko muka ɗora Baba a gaba. Bai ce komai ba, amma na ga yana shafa kujera da hannun hagu. Bayan an idar, muna cikin cunkoson fita, sai ga wani tsohon amininsa ya hango motar, ya taho da sauri yana dogara sanda. Ya tsaya a jikin ƙofa yana ta gaisuwa, gilashi a rufe. Hannun murɗawa yana dama, daman Baba kuwa ba ta motsi. Ya miƙo hagunsa ta kan cikinsa, ya kama, ya murɗa rabi, hannun ya suɓuce. Ni kuma da rawar jiki na kwanto ta kan ƙirjinsa na sauke masa, kamar yadda ake yi wa yaro.

Suka gaisa. Har muka iso gida bai dube ni ba. Muna tsayawa ya ce, "Mako mai zuwa ka bar ni, na yi azahar a gida."

Sai a daren nan na tuna wane ne Baba a cikin motar nan. Tun muna yara, tafiyar minti goma takan ɗauke mu rabin awa, domin ba ya wuce wanda ya sani bai sauke gilashi ba. Mai goro, ladan, almajiri, ɗan sandan mahaɗa, kowa da rabonsa. A wurinsa ɗaga wa mutum hannu ta bayan gilashi girman kai ne. Ni na tsaya ina kare asalin noti.

Ranar Litinin na karya dokata. Na je wurin rewaya, ya nuna mini hanya biyu. Ko a cire injin gaba ɗaya a dasa na wata mota mai lantarki, wanda sai an yanka ƙofa an yi walda, ko kuma a bar na asalin a ƙara masa wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa cikin ƙofar, ta riƙa juya sandar da hannu ke murɗawa. Na zaɓi ta biyu, saboda duk ranar da aka so ana iya cire ta. Aikinta ba wani sihiri ba ne. Wutar batir ce, bolt 12. In makunni ya tura ta ta waya ɗaya na'urar ta juya gaba, in ya sauya ta koma baya. Wahalar tana wurin kai wayar, domin ƙofar da aka yi don hannu ba ta da mashigar wuta. Dole aka huda ƙofar da ginshiƙin da take rataye, aka sa bututun roba don kada buɗewa da rufewa su gutsure wayar. Aka sa fiyus, aka kuma ɗauko wutar daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, saboda jikoki. Lokacin da na ji ƙarar huda a jikin sabon fenti, wallahi sai da na kau da kai.

Yammacin Alhamis aka gama haɗawa. Rewaya ya ce, "Alhaji, gilashin nan yana ɗan cijewa a sama, a bari sai an sake daidaita shi." Na ce ai da hannu lafiya lau yake hawa, gobe Juma'a, a danna kawai. Abin da ban gane ba shi ne, hannun mutum yana jin nauyi, in abu ya cije sai ya sassauta ba tare da mai shi ya ma lura ba. Na'ura ba ta san wannan ba. Ashe wajen aiki robar hanyar baya ta zame, ƙarfe ya fito tsirara. Na danna, gilashi ya hau, ya karkace, sai ji muka yi tau!

Gilashin ƙofa ba ya tsagewa kamar na gaban mota mai leda a tsakiya. Gasa shi ake yi da zafin da ya haura digiri 600, a sanyaya shi farat ɗaya, ya yi ƙarfi ƙwarai a fuska, amma gefensa ne lagonsa. Kuma ba ya yankuwa, ba ya huduwa bayan an gasa. In ya tashi fashewa gaba ɗaya yake yi. Gilashin da ya zo da motar tun 1982 ya koma tsakuwa a cikin ƙofa da kan takalmana. Rewaya bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Tsintsiya kawai ya miƙo mini.

Juma'ar nan Baba a gida ya yi azahar, haka ma wadda ta biyo. Na yi ta zarya a Ƙofar Ruwa, ana fito mini da na baya, ko na hagu, ko wanda yashi ya cinye har ba a gani ta cikinsa. Sai a mako na biyu wani yaro ya zaro mini na gaba na dama daga ƙarƙashin tarin ƙofofi. Wannan karon na kira dattijon makanike, na koma gefe ina riƙe masa fitila. Ya manne robar da gam, ya bar notuna a sake, ya yi ta gwadawa da hannu fiye da sau ashirin kafin ya yarda a haɗa wuta.

Makunnin ma sai da muka yi gardama a kansa. Rewaya ya so ya sa shi a jikin ƙofa, inda aka saba. Na ce a'a, a tsakiya, kusa da giya, inda hagun Baba ke hutawa.

Ban gaya masa komai ba. Na dai roƙe shi ya raka ni, Hajiya ta sa baki, ya yarda da ƙyar. Da ya zauna sai ya dubi inda hannun murɗawa yake a da, ya ga marfi baƙi. Na ɗora yatsansa a kan makunnin. Gilashi ya sauka. Ya ɗaga, ya sake saukewa.

"Wa ya huda mini mota?" in ji shi.

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya yi shiru. Muka kama hanya. Ba mu kai bakin titi ba ya ce in rage gudu, ga mai goro can.