Agogon Bama

Kakana na wajen uba ya yi yaƙin Bama, kuma duk abin da ya dawo da shi bai cika akwatin ƙarfe guda ba: bargon soja, lambar girma, da wani agogon hannu da ya daina tafiya tun kafin a haife ni. Mu jikoki agogon muke yi wa layi, don idan aka hure aci-balbal, hannayensa da alƙalumansa sai su ɗauki wani haske kore-kore mai rauni. Ƙanena da ke bi na ya rantse aljani ne a ciki. Kaka kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Abokina, wuta ce wadda ba ta ƙuna."

Wata rana mahaifin wani abokina, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ya ara mini gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya ce in jira dare, in zauna cikin duhu sosai kafin in duba. Ni da ƙanena muka shige ƙarƙashin bargon sojan muna gumi, muka yi shiru wajen minti goma sha biyar. Da na kai gilashin kan dogon hannun agogon, sai na ga ashe hasken ba a zaune yake ba. Tartsatsi ne ƙanana, wannan ya kunnu ya mutu, wancan ya kunnu can gefe, kamar yayyafin farko a kan rairayi. Babu tsari, babu bi-da-bi. Na miƙa wa ƙanena gilashin, na ji ya ja numfashi ya riƙe.

Sai da na shiga jami'a na san abin da muka gani. Fentin radiyam ne, sinadarin da Marie da Pierre Curie suka gano a Faris a 1898, an cuɗa shi da wani gari mai ƙyalli. Duk lokacin da ƙwayar zarra ɗaya ta radiyam ta fashe, sai ta harbo wani ɗan mitsitsin abu ya bugi garin, garin ya ba da walƙiya ɗaya. Wato mutuwar ƙwayoyi muke kallo, ɗaya bayan ɗaya, da idonmu. Radiyam na ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, don haka dusashewar hasken laifin garin ne da ya gaji. Wutar tana nan yadda take. Kuma tana ƙuna, Allah ya jiƙan Kaka. 'Yan matan da suka riƙa shafa irin wannan fenti a masana'antar garin Orange ta jihar New Jersey a Amurka, waɗanda aka koya wa gyara bakin buroshi da leɓe, muƙamuƙinsu ya ruɓe, da yawansu suka mutu da ƙuruciya. Har yau tsigar jikina na tashi idan na tuna mun kwana da agogon a ƙarƙashin matashi.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Ƙwayoyin nan duk iri ɗaya ne, babu tsohuwa babu yarinya, babu mai ciwo. Ɗaya ta fashe daren yau, maƙwabciyarta ta yi shekara dubu biyar tana zaune. Na tare malaminmu na fiziks bayan darasi na ce, "Malam, to mene ne ya zaɓi wannan ya bar waccan?" Ya ce lissafin zai gaya maka ƙwaya nawa za su tafi cikin awa guda, ba ya kuskure, amma kan ƙwaya ɗaya bakinsa a rufe yake. Sannan ya ambaci wani suna, Hugh Everett.

Everett ɗalibi ne a jami'ar Princeton, yana ɗan shekara 26 ya fitar da amsarsa a 1957. Tun 1935 wani masanin fiziks, Schrödinger, ya kawo misalin kyanwar da aka kulle a akwati, ranta na rataye da fashewar ƙwaya ɗaya, don ya nuna akwai gyara a yadda ake fassara lissafin. Everett ya ce a bar lissafin ya faɗi abin da yake faɗa: babu zaɓi. Ƙwayar ta fashe, kuma ba ta fashe ba. Duniya ce ke yin reshe biyu, mai kallo ma ya rabu biyu, kowanne na ganin nasa yana tsammanin shi kaɗai ne. Manyan fannin ba su ba shi kunne ba. Ya koma yi wa ma'aikatar tsaron Amurka aikin lissafi, ya rasu a 1982, bayan da wani masanin fiziks, Bryce DeWitt, ya farfaɗo da maganar a 1970, ta yaɗu da sunan duniyoyi masu yawa.

A lokacin abin ya burge ni kawai, irin burgewar ɗan makaranta. Sai sanƙarau na 1996 ya ɗauke ƙanena cikin kwana uku. A zaman makoki, mutane na shigowa suna cewa sai haƙuri, ni kuwa zuciyata na wurin Everett: ko akwai reshen da ciwon ya tsallake gidanmu? Na riƙe wannan tunani makonni. Bai ɗauke ni ko'ina ba. Rassan, in ma suna nan, ba sa haɗuwa, ba a aika saƙo, kuma har yau babu gwajin da ya tabbatar da su. Lissafin da ya ba ni reshen da yake raye, shi ne kuma zai ba ni wanda Inna ta rasa mu mu biyu. Ina girmama ƙarfin halin Everett, amma da ba a yi masa adalci ba in aka mai da aikinsa ta'aziyya. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne Inna, da ta dafa kafaɗata ta ce kwanansa ne ya ƙare.

Agogon yana hannuna yanzu, cikin gwangwani mai murfi a ɗakin ajiya, ba na barin yara su taɓa. Da hunturun bara na ɗauko shi, na sayi gilashin masu gyara, na kashe wuta na zauna. Idona ya tsufa, fentin ma ya koma ruwan ƙasa. Na kusa tashi, sai ga walƙiya ɗaya a kan alƙalami na shida. Can kuma wata.