Daga Zango Zuwa Awa: Ma'aunin Nisa a Ƙasar Gaya

Bahaushe bai saba auna nisa da tsawon ƙasa ba. Da lokaci da wahala yake auna shi. A ƙasar Gaya da Ajingi, inda na tashi, idan ka tambayi dattijo nisan wani gari, zai ce maka tafiyar hantsi ce, ko ta yini, ko zango kaza. Zango kuwa ya ƙunshi ƙarfin jaki, da wurin ruwa, da shawarar madugu.

Babu inda wannan ma'auni ya jijjiga kamar a tafiyar Hajji. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, su ƙetare daga Suwakin zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin ana yada zango a yi noma ko ƙodago a samu guzuri. Wasu ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno. Shi ya sa maniyyaci ke barin wasiyya, a yafi juna da kuka.

A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Yau tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, kuma jirgi kan shafe su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Daga Jidda zuwa Madina, filaye biyu a nahiyar Asiya, tafiyar kusan awa guda ce a sama. Sai dai agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, don haka alhaji kan sauka ya tarar da lokacin salla ya yi masa gaba, abin da matafiyin ƙasa bai taɓa sani ba, tunda shi rana ce ke rakiyarsa.

Na lura mutanenmu ba su karɓi lissafin tikiti dungurungum ba. Hajiyar Ajingi takan fara ƙirga tafiyarta daga ranar da ta yi sallama da dangi, ta bi ta Gaya da Wudil, ta kwana a sansanin alhazai tana jiran kira. A bakinta awa biyar ɗin zango ɗaya ne kawai, kuma sau da yawa shi ne mafi gajarta.

Damuwata ita ce kalmomin da suka ɗauki wannan tunani suna dusashewa. Yaro a Gaya ya san biza da fasfo, amma jagaba da uban dawaki baƙi ne a kunnensa. Tsofaffin da suka ji labarin tafiyar ƙasa daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa. Ya kamata masu nazarin Hausa su kai musu rakoda tun suna da sauran numfashi.