Yini Ɗaya Zuwa Highclere

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi, amma tafiyar yini ɗaya ba ta buɗe kowace ƙofa. Tilas matafiyi ya zaɓi wadda zai ƙwanƙwasa. Wannan zaɓi ne ya sha wa wata ɗaliba kai a birnin Landan, sa'ad da mahaifinta, tsohon malamin tarihi, ya zo bikin kammala karatunta. Kwanakinsa a Ingila ƙidayayyu ne, kuma abu ɗaya tak ya nema: a kai shi ya ga gidan da aka ɗauki wasan kwaikwayon nan na Downton Abbey, wanda tashar ITV ta nuna daga 2010 zuwa 2015. Ganin yadda ƙafarsa ta fara nauyi, ta san da wuya ya sake taka ƙasar.

Da ta zauna bincike, sai ta tarar gidan da ake gani a talabijin ba gida ɗaya ba ne. Ginin kansa, da ɗakin karatu da zauren cin abinci, suna Highclere, a gundumar Hampshire, ko da yake labarin ya ce a Yorkshire yake. Ƙauyen da cocinsa suna Bampton, can cikin Oxfordshire, inda jirgin ƙasa ba ya zuwa. Tashar jirgin da ake nunawa kuwa tana Horsted Keynes, a Sussex. Abin da ya fi damun ta shi ne ɗakin girki, inda kuku da barori ke ta hayaniya, wanda tsohon ya fi ƙauna a duk wasan. Wannan ba ya cikin gidan sam. A ɗakin ɗaukar fim na Ealing aka kafa shi da katako.

Ta tsai da shawara a kan Highclere. A nan ne ta lura cewa shirin yana da gaba da baya, kuma wanda ya juya su ya yi asara. Gidan mazaunin iyalan Carnarvon ne har yau, don haka ba kullum ake buɗe shi ga baƙi ba, sai wasu ranaku ƙayyadaddu, galibinsu lokacin bazara. Ke nan tikitin shiga ake fara nema, sannan na jirgi ya biyo baya. Jirgin yana tashi daga Paddington, ya isa Newbury cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, kuma kuɗinsa na sauka idan aka bari cunkoson ma'aikata na safe ya wuce. Daga Newbury saura kamar mil 5. An taɓa yin tasha mai sunan Highclere, amma tun 1960 fasinja ya daina sauka a cikinta, saboda haka sai tasi. Ta yi ciniki da direba tun daga gida, zuwa da dawowa, domin a karkarar Ingila mutum ba ya tsayawa bakin hanya ya ɗaga hannu. Sallah ba ta zama matsala ba, tun da nisan ya kai na ƙasaru, ga shi ranar bazara doguwa ce.

Saura faɗa wa tsohon. Bayan sallar isha'i ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ɗakin girkin nan da kuke son gani ba ya can."

Ya yi shiru, ya jima yana juya carbi, sannan ya ce, "To, me suka ajiye a ƙarƙashin gidan?"

Ta shaida masa kayan tarihin Masar ne. Nan take ya gyara zama, domin ya gane wane Carnarvon ake nufi: mai sarauta na biyar a gidan, wanda ya ɗauki nauyin tonon da Howard Carter ya yi har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Shekara da shekaru yana rubuta sunan a allo, bai taɓa sanin gidan mutumin yake kallo kowane mako ba.

"Ki nemo mana jirgin da ya fi sammako," in ji shi, "ko da kuɗinsa ya fi."