Wasiƙar da ta daɗe a hanya

Shekara 23 ke nan muna riƙe da alƙalami a zauren Maigida, a nan zangon Kumasi. Mu ne masu karanta masa wasiƙu, na ajami da na boko, mu ne kuma masu rubuta amsa. A farkon kama aikinmu, kafin wayar hannu ta game gari, wani direban babbar mota ya kawo mana takarda daga Sakkwato. Mai ita yana gaida ɗan'uwansa, yana cewa lafiyarsa ƙalau, kuma in Allah ya kai mu bayan damina zai zo. Muka karanta, aka yi murna. Bayan mako biyu labari ya iso cewa tun kafin takardar ta ƙetare iyaka an riga an yi masa sutura. Ta yi wata uku a aljihun direba. Tun daga ranar, duk takardar da ta shigo hannunmu, ranar da aka rubuta ta muke fara nema kafin gaisuwa.

Abin da ya tuna mana da wannan takarda hoto ne. A watan Yulin 2022, jikan Maigida, ɗalibi a jami'ar kimiyya ta garin nan, ya shigo zaure bayan la'asar da waya a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ga abin da sabon madubin hangen nesa ya gano." Baƙin fili ne mai cike da ɗige-ɗigen haske, wasu farare, wasu jajaye, wasu sun lanƙwashe kamar lauje. Yaron ya ce kusan kowane ɗigo a ciki gari ne guda na taurari, irin wanda ranarmu take cikinsa, kuma duk faɗin hoton bai wuce abin da ƙwayar rairayi za ta rufe ba idan mutum ya ɗora ta a yatsa ya miƙe hannu sama.

Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, suna nan har yanzu?"

Yaron ya yi shiru, mu kuwa gabanmu ya faɗi, don mun san tambayar.

Haske ma matafiyi ne. Yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, duk da haka sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mana daga rana. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda iyayenmu suke nuna mana a tsakar gida, haskensu ya yi shekara wajen 440 a hanya. Ke nan ya baro gida tun ba a kafa Kumasi ba. Garuruwan taurarin da ke gaba-gaba a hoton nan, yadda suke shekara biliyan 4.6 da suka wuce muke ganinsu, wasu jajayen na can baya kuwa haskensu ya haura shekara biliyan 13 yana tafe. Duk wanda ya ɗaga kai sama, tsohon labari yake karantawa.

Dalilin kai madubi sararin samaniya ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa neman jinjirin wata a cikin hazon hunturu. Iskar da ta lulluɓe duniya tana karkaɗa haske, tana kuma shanye wani sashensa. Shi ya sa a watan Afrilun 1990 aka harba madubin Hubble ya riƙa zagaya duniya a sama da kilomita 500. Da ya buɗe ido sai aka tarar gani yake dishi-dishi: an yi kuskure wajen goge madubin, kuskuren da bai wuce kusan kashi 1 cikin 50 na kaurin silin gashi ba. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka hau suka sa masa abin da za mu iya kira tabarau. Bayan shekara biyu aka tsayar da shi kwana 10 yana kallon wani ɗan wuri da ake ganin kamar babu komai a cikinsa, ya fito da garuruwan taurari kusan 3,000.

Wanda jikan Maigida ya nuna mana shi ne James Webb, aikin haɗin gwiwar Amurka da Turai da Kanada, wanda ya ci kusan dala biliyan 10. An harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021, daga Kourou a yankin Guiana na Faransa. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, gutsure 18 da aka shafe da zinari, aka naɗe su kamar laima suka buɗe a hanya. Yana can nisan kilomita miliyan 1.5, inda babu mai hawa ya gyara shi idan ya ɓaci. An yi masa rumfa mai ninki 5 tana tsare shi daga rana, domin hasken da yake farauta ido ba ya ganinsa, jiki ne ke jin irinsa a matsayin ɗumi, kuma madubi mai zafi ba zai gane shi ba.

Wani daga cikin mazauna zaure ya ce da an ba mu kuɗin nan da an gyara magudanun ruwan zango kaf. Ba mu musa masa ba, don mun san yadda unguwa take in ruwa ya sauka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, a matsayinmu na magatakarda, shi ne yadda masanan suke gane kwanan watan saƙon. Tsofaffin wasiƙun ajami da yawa ba su da tarihi a ƙasansu. Sai mu dubi dafewar takarda da kodewar tawada, mu dubi wanda aka ambata da rai, mu ƙiyasta. Su ma hakan suke yi, sai dai ma'auninsu ya fi namu. Sararin samaniya yana ta buɗewa, hasken da ya daɗe a hanya sai ya miƙe tare da shi, launinsa ya karkata zuwa ja, har ya wuce jan da ido ke gani. Na'urar tana tsaga hasken kamar bakan gizo, kowane sinadari kuma yana da alamarsa a wurin da aka sani, tamkar hatimi. Gwargwadon yadda alamar ta gusa daga mazauninta, gwargwadon daɗewar tafiyar. Da haka ne a 2024 aka tabbatar da wani garin taurari kamar yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan farkon sararin samaniya, wanda suke ƙiyasta shekarunsa biliyan 13.8. Da wannan hatimi ne kuma aka gane iskar kabon a sararin wata duniya mai suna WASP-39b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 700.

A makarantar zaure mun haddace manzilolin wata 28, mun san fitowar Gamzaki da asuba da lokacin da Zara ke rakiyar wata. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya koya mana su don sanin lokaci da alƙibla. Bai taɓa zuwa ranmu mu tambayi shekarun hasken ba.

Amsar da yaron ya ba kakansa daga baya ita ce, garuruwan suna nan, amma sun sauya kama, taurari da yawa a cikinsu sun mutu, wasu an haife su, kuma labarin halin da suke ciki yau ba zai iso ba sai bayan biliyoyin shekaru. Maigida ya gyaɗa kai ya ce, "Irin ta mutumin Sakkwato ke nan." Ashe bai manta ba.

A Disambar shekarar, wani dare aka ɗauke wuta bayan isha'i, zango ya yi duhu irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Maigida ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida, ya ce a nemo masa Kaza. Hazo bai yi kauri ba, muka same ta can sama, muka kama hannunsa muka nuna masa wajen. Ya ce shi dai fari-fari kawai yake gani. Yaran unguwa da suka taru, babu wanda ya taɓa jin sunan a cikinsu. Wata 'yar shekara 9 ta ƙirga masa 'ya'yan da ƙarfi, ta samu shida, ya ce ta sake dubawa, a zamaninsa bakwai ne. Tana cikin sake ƙirga aka dawo da wuta.