Daga Asamaka zuwa Arlit: makullin lulluɓi da ɗan'uwansa na Japan

Asamaka ita ce ƙofar Nijar ta arewa. Tsakaninta da Arlit akwai wajen kilomita 200 na rairayi da tsakuwa, babu inuwa. Baƙo bai gama da duwan da jandarma ba sai ya gane cewa iska ce mai garin, don ita ke tuɓe hula, ita ke yaye mayafi.

Matan Abzinawa sun daɗe da samo mata magani. Sukan ɗaura wani ɗan ƙarfe a bakin lulluɓi, su jefa shi bayan kafaɗa, nauyinsa ya riƙe zanen. Ana ce masa asru n swul, wato makullin lulluɓi, domin siffarsa ta mabuɗin kwaɗon jakar fata ce. Maƙera, waɗanda ake kira inadan, su ke ƙera shi da baƙin ƙarfe, su liƙa masa jan ƙarfe da tagulla, su bi shi da magagari, sannan su yi masa zane. Zugazugi da awartaki da ƴar maƙerar da ake kafawa a ƙasa, duka jaka guda ke ɗaukarsu.

Wannan dabara tana da ƴar'uwa a Japan. Rigarsu kimono ba ta da aljihu, saboda haka a zamanin Edo (1603-1868) namiji kan rataya batta ko jakar taba a ɗamara da igiya. Abin da ke tokare igiyar shi ne netsuke, ɗan sassaƙen itace ko hauren giwa wanda bai cika tafin hannu ba, mai huda biyu, an goge shi sumul don kada ya yagi riga. Da Japanawa suka koma tufafin Turawa masu aljihu, sai netsuke ya rasa aiki, ƴan kasuwa suka yi ta jigilarsa zuwa Turai da Amurka. Yau da yawa daga mafi kyawunsu suna gidajen tarihi na Landan da Paris.

Maƙeranmu ma sun ga zamanin masu saye daga waje. An kafa Arlit a 1969, Somair ta fara haƙar yuraniyom a 1971, Cominak ta biyo a Akokan a 1978. Injiniyoyi da masu yawon buɗe ido, waɗanda ke gangarowa daga Tamanraset da tsofaffin Peugeot na sayarwa, suka zama abokan ciniki. Tawayen shekarun 1990 da na 2007, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka tsinke wannan hanya, aka kuma rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021. Baƙin Asamaka na shekarun nan su ne bayin Allah da ake korowa daga Aljeriya, su tako kilomita 15 da ƙafa. Waɗannan ruwa suke nema.

Saura mu, ƴan kasuwa da ma'aikata. Wanda aiki ko fatauci ya kai shi Arlit ko Agadas, ya nemi maƙeri a rumfarsa, ya ba da aiki, ya biya kuɗin da ya dace. Ɗan maƙeri ba ya zama gindin zugazugi in sana'ar ba ta ciyar da gida. Allah ya sa jikokinmu ba sai sun nemi biza ba kafin su ga aikin kakanninsu.