Sabon Zare da Tsohon Akwati

Mutanen ƙasar Hausa sun san BBC da kunne tun 1957, shekarar da ta soma magana da Hausa a rediyo. Amma a Ingila da ido aka san ta, gama tun watan Nuwamba na 1936 take watsa hoton talabijin daga wani tudu a birnin Landan. Yadda ta yi ta sake wannan hoto abin lura ne ga duk mai riƙe da amanar jama'a.

Hoton talabijin kamar saƙa yake. Layi-layi ake jera shi, yadda masaƙi ke jera zare, kuma iyakar yawan zaren, iyakar laushin zanen. Da fari BBC ta tsaya a kan layi 405, mutanen zamanin suna ganin ba a taɓa yin hoto garau kamarsa ba. A 1964 ta buɗe tasha ta biyu mai layi 625, kana a 1967 ta sa mata launi. To, akwatin da aka ƙera don tsohon layi ba ya iya kama sabo. Duk da haka ba a yanke tsohon ba sai 1985, watau shekara 21 ana tafe da biyun, har tsofaffin akwatuna suka mutu don kansu.

A 1998 aka shigo da wata dabara wadda ake kira dijital. Ma'anarta ita ce a juya hoto da murya su zama lambobi, a matse su, sa'an nan a aika. Kamar auduga ce: in an danne ta an ɗaure, mota ɗaya sai ta kwashe kayan motoci da yawa. Hanyar iska wadda dā tasha guda ke cika ta, sai ga shi ta ɗauki tashoshi barkatai. Saboda haka BBC ta ƙara tashoshi. A 2002 ta buɗe biyu na yara, da BBC Four ta ilmi da fasaha, a 2003 kuma BBC Three ta samari. A 2006 ta fara gwada hoto mai layi 1080, wanda ake kira HD, inda mai kallon ƙwallo ke rarrabe ciyawar fili. BBC One ta sami nata a 2010, BBC Two kuwa a 2013.

Amma fa akwai wuyar sha'ani. BBC ba ta ɗan kasuwa ba ce. Kuɗin lasin da gidaje masu talabijin ke biya kowace shekara, da shi take aiki. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙauye abin da attajirin Landan ya biya shi ta biya. In aka kashe tsohuwar hanya, akwatinta ya yi duhu, alhali kuwa shi ne abokin hirarta da dare. Ashe an karɓi kuɗinta an gyara wa wani kallo ke nan.

Don gudun haka aka bi abin daki-daki. An fara kashe tsohuwar hanya a wani ƙaramin gari, Whitehaven, a 2007, aka yi ta bi yanki-yanki ana sanar da mutane tun da wuri, har aka ƙare a Ailan ta Arewa cikin Oktoba 2012. Daga kuɗin lasin aka ware kimanin fam miliyan 600 don taimakon masu shekara 75 zuwa sama da naƙasassu. Ana zuwa har gida a haɗa musu na'urar da ke fassara lambobin, a nuna musu yadda ake murɗa ta. Marasa ƙarfi kyauta aka yi musu.

Mai kallo yakan yaba kyan hoto, gama gani ya kori ji. Amma kyan aikin hukuma ba a yawan layi ake auna shi ba, sai a yawan waɗanda ta iso da su. Ayari ba ya cewa ya sauka lafiya sai jakin baya ya shigo zango. Allah ya ba shugabanni haƙurin jiran na baya, amin.