Walƙiyar da aka gani da ido a rufe

A watan Yulin 1969, kumbon Apollo 11 na ratsa sarari tsakanin duniya da wata, Buzz Aldrin ya kwanta barci cikin duhu, sai ya riƙa ganin haske yana gilmawa a cikin idonsa: wani sa'in ɗigo, wani sa'in siririn zare. Fitilu a kashe suke, tagogi a rufe. Da suka sauko ya ba da labari, Neil Armstrong ya ce shi ma ya gani.

A wancan zamani fargabar hukumar NASA tana wani waje. Abin da ake tsoro shi ne wanda zai kayar da mutum nan take: ɗamarar Van Allen, wato tarin burbushi mai cutarwa da aka gano a 1958 ya kewaye duniya, da kuma guguwar da rana kan yi amanta ba zato. Tsoron yana da tushe, domin a Agustan 1972 an yi wata gagarumar guguwa da ta faɗo tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta 17. Saboda haka ma'auni ɗaya ne: wanda ya dawo da ƙafarsa, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya dawo lafiya.

Asalin walƙiyar ba ɓoyayye ba ne ga masana. Tun a 1912 Victor Hess ya hau balan-balan ya haura mita 5,000, ya tabbatar akwai burbushin da ke sauko mana daga sama. Cibiyoyin ƙwayar zarra ne, galibi daga taurarin da suka tarwatse, suna gudu kusa da saurin haske. Yawancinsu marasa nauyi ne, amma kusan kashi 1 cikin 100 masu nauyi ne, irin na ƙarfe, waɗanda kan huda bangon kumbo da ƙoƙon kai su wuce. A doron ƙasa iska da maganaɗisun duniya na tare mana su. A 1952 Cornelius Tobias ya yi hasashen cewa wanda ya fita daga wannan kariya zai gan su da idonsa.

An ɗan bi diddigi. 'Yan sama jannati sun riƙa ɗaure ido da ƙyalle suna ƙirga walƙiyar, kusan ɗaya a kowane minti uku. An duba hulunan kwanonsu da madubin bincike, aka ga sawun da burbushin ya bari a cikin robar. A Disambar 1972 Apollo 17 ya tafi da ƙananan ɓeraye biyar, an dasa musu ma'auni a ƙarƙashin fatar kai. Huɗu suka dawo da rai, aka bincika ƙwaƙwalwarsu, ba a ga ɓarnar da za a jingina wa burbushin ba. Hankali ya kwanta. Sai dai tafiyar kwana 12 ce kawai, kuma gara ba ta cin ginshiƙi a kwana 12.

Shekaru ne suka buɗe ido. A 2001 binciken Francis Cucinotta ya nuna yanar ido ta fi saurin kama 'yan sama jannatin da suka fi shan burbushin. A 2003 aka buɗe ɗakin gwaji na NASA a Brookhaven da ke jihar New York, inda ake harba ƙwayoyin ƙarfe kan dabbobin gwaji. A ƙarshen 2012 ayarin Kerry O'Banion na Jami'ar Rochester ya bayyana cewa ɓerayen da ke ɗauke da halittar cutar mantuwa ta Alzheimer, da aka harba musu ƙwayoyin, daskararren furotin ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu, mantuwa kuma ta riske su da wuri. A 2015 Charles Limoli na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya ga rassan jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye sun zube, har suna kasa bambance sabon abu da wanda suka saba gani. Kumburin da ba ya lafawa, rassa masu kaɗewa, tunani mai rauni: alamomin tsufa ke nan, sun zo kafin lokacinsu.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma a gwaji akan zuba musu cikin mintuna abin da ɗan sama jannati zai sha cikin watanni. Amma na'urar da motar Curiosity ta ɗauka zuwa duniyar Mars ta auna cewa abin da za a sha cikin kwana biyu a hanya ya fi abin da mutum kan sha a shekara guda a ƙasa, ga shi zuwa kaɗai ya haura wata shida.

Ba na ganin laifin mutanen Apollo. Sun amsa tambayar zamaninsu, wato ko mutum zai je ya dawo da rai. Tambayar yanzu ta fi nauyi: zai dawo da hankalinsa cikakke, ya kuma tsufa da shi a cikin iyalinsa? Duk hukumar da ke shirin tura ɗan wani zuwa Mars, wajibi ne ta nemo wannan amsa kafin ta sa ranar tashi, ta kuma faɗa masa ita ba tare da rufa-rufa ba.